Nasaran Littafi da Kiristocin Unguwa: Tarke a Kan Yadda Muke Rubuta Aƙidar Kiristoci Game da Allah

 

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wani kundin digiri na farko da aka ba ni in duba, wanda takensa ya yi alkawarin nazarin aƙidar Kiristocin da ke zaune a ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Ɗalibin yana da ƙwazo, Larabcinsa kuma ba laifi. Sai dai da na kai babin aƙida, wanda shi ne zuciyar aikin, na tarar da taron Nikiya da na Afisa da na Kalsidon, da Malkaniyya da Nasɗuriyya da Ya'aƙubiyya, amma ban ga Talata Mafara ba sai a take da kuma shafin godiya. Na tambaye shi ko ya zauna da Kirista ko da guda ɗaya daga garuruwan nan uku. Ya ce bai ga bukata ba, tun da aƙidarsu sananniya ce, tana cikin littattafai. Ban ga laifinsa sosai ba, domin abin da muka koya masa ne ya maido mana. Saboda haka tarken nan ya fi shafar manhajarmu da littattafan da muka jingina da su fiye da yadda ya shafi ɗalibin.

Yadda magabata suka yi

Malaman da suka kafa fannin milal da nihal ba su taɓa ɗaukar Nasara a dunƙule ba. Abu Isa al-Warraƙ, a ƙarni na uku na Hijira, ya sa wa raddinsa sunan ƙungiyoyi uku na Nasara, ya bi kowace da abin da take cewa game da aƙanim da yadda lahutu ya haɗu da nasutu, sannan ya mayar mata da martani gwargwadon maganarta. Baƙillani (ya rasu 403H) ya bi wannan hanya a cikin at-Tamhid. Ibn Hazm (ya rasu 456H) ya ƙara da ambaton mabiyan Ariyus da na Bulus na Samosata, waɗanda suka ƙi yarda cewa Almasihu daidai yake da Allah. Shi kuwa Ibn Taimiyya (ya rasu 728H), da ya tashi rubuta al-Jawabus Sahih domin amsa wasiƙar da ta zo daga Ƙubrus, sai da ya ciro dogayen shafuka daga tarihin Sa'id bn Baɗriƙ, wanda babban limamin Malkaniyya ne a Iskandariyya. Da bakin mutanen ya kafa musu hujja.

Dalilin wannan tsantseni a fili yake. Waɗannan ƙungiyoyi uku maƙwabtansu ne a Bagadaza da Dimashƙa da Alƙahira. A cikinsu akwai likitocin fada da masu fassara da magatakarda. Wanda ya jingina wa Banasɗure maganar Baya'aƙube, a majalisi za a kunyata shi. Ko Shahrastani (ya rasu 548H), duk da ƙwarewarsa, bai tsira ba: ya sanya Nasɗur a zamanin Halifa Ma'amun, alhali mutumin ya rayu a ƙarni na biyar na Miladiyya, kafin aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kusan shekara ɗari biyu. Na kawo wannan ne don a ga cewa fannin yana da santsi ko ga manya.

To mu kuma mun gaji sunayen ƙungiyoyin, mun bar hanyar da aka bi aka same su. Magadan Ya'aƙubiyya a yau su ne Kibɗawan Masar da cocin Habasha da Suryanawa; na Nasɗuriyya kuwa 'yan tsiraru ne a Iraƙi da ƙasashen hijira. Ba su ne ke sayar da kayan gyaran mota a bakin titin Gusau zuwa Sakkwato ba.

Littattafan da muke karantarwa

Littafin da ya fi tasiri a azuzuwanmu shi ne Muhadarat fin Nasraniyya na Shaihu Muhammad Abu Zahra (1898–1974). Littafi ne mai tsari da ladabi, ya bi tarihin tarukan coci daki-daki, ya kai ga rabuwar Rum da Gabas, har zuwa tawayen Luta a 1517. Ba na neman a cire shi daga manhaja. Amma an rubuta shi ne a Masar a farkon shekarun 1940, kuma Kiristancin da ya mamaye Najeriya a yau bai gama haihuwa ba a lokacin. Wanda ya haddace Abu Zahra zai iya bayanin saɓanin Nikiya, amma idan aka ce ya bambanta mai farar riga da ke addu'a ba takalmi da mai wa'azin arziki a lasifika, sai ya yi shiru.

Izharul Haƙƙ na Shaihu Rahmatullahi al-Kairanawi, wanda ya fito a 1864 bayan muƙabalarsa da Fanda a Agra a 1854, da kuma ƙasidu da kaset-kaset na Ahmad Deedat (1918–2005), matsalarsu wata ce daban. An haife su a fagen muƙabala, kuma mai muƙabala yana bukatar abokin karawa guda ɗaya mai magana ɗaya. Sun yi aikin da aka yi su dominsa: sun ba matasan Musulmi ƙarfin zuciya a lokacin da masu bishara ke cin karensu babu babbaka. Kuskuren namu ne da muka mayar da kayan yaƙi kayan awo. Ɗalibi yakan fito da tunanin cewa kowane Kirista Jimmy Swaggart ne, wanda Deedat ya kara da shi a 1986, alhali malamin Katolika ba zai yarda Swaggart ya wakilce shi ko da a jumla ɗaya ba.

Akwai abin da ya kamata ya sa mu jin kunya a nan. Joseph Kenny, fada ɗan ɗariƙar Dominikan daga Amurka wanda ya shafe rayuwarsa a Najeriya yana koyarwa a Jami'ar Ibadan, digirinsa na uku a Edinbara a 1970 a kan Shaihu Sanusi ya yi shi, musamman al-Aƙidatul Wusɗa. Wato ya zauna ya karanci mawallafin Ummul Barahin da ake karantawa a zaurukanmu, da Larabcinsa. Mutum nawa ne a sassanmu suka karanta littafin koyar da aƙida na Katolika daga bango zuwa bango kafin su rubuta raddi?

Su wane ne Kiristocin kwarin Bakolori

Kiristocin wannan yanki 'yan tsiraru ne, kuma ba ƙofa ɗaya suka shigo ta ba. Jirgin ƙasa da ya iso Gusau da Ƙauran Namoda a 1929 ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Mishan ɗin SIM, wanda ya haifi ECWA a 1954, ya samu shiga lardin Sakkwato ta hanyar jinyar kutare, kamar a Amanawa. Aikin madatsar ruwan Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wanda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978, ya tara ma'aikata daga sassan ƙasa daban-daban a tsakanin Maradun da Talata Mafara da Bakura. Sai kuma ɗalibai da malamai na kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da kwalejin aikin gona ta Bakura, da masu yi wa ƙasa hidima, da 'yan sanda da sojoji da matsalar tsaro ta ƙara yawansu. A cikinsu akwai Ibo da Yarbawa, da mutanen Zuru da kudancin Kaduna da Filato da Binuwai, da kuma Hausawa jikokin Maguzawa. A tsarin Katolika, wannan yanki yana ƙarƙashin Sakkwato, inda Matthew Hassan Kukah yake bishop tun 2011. Angilika kuwa suna da bishop nasu a Gusau.

Ƙungiyar CAN kanta, wadda aka kafa a 1976, ta kasu gida biyar: Katolika, da majalisar tsofaffin cocin mishan irin su Angilika da Baftis da Metodis, da ECWA tare da TEKAN, da 'yan Fentikos, da cocin da 'yan Afirka suka kafa da kansu. Da ɗalibinmu ya fara daga wannan kaso, da ya fi kusa da Talata Mafara fiye da inda Shahrastani ya kai shi.

A hukumance, mafi yawan waɗannan gidaje sun haɗu a kan aƙidar Nikiya ta 325 da Kustanɗiniyya ta 381: zati ɗaya, aƙanim uku, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wannan shi ne taslisin da Alƙur'ani ya kore a Suratun Nisa'i aya ta 171 da Suratul Ma'ida aya ta 73, kuma babu Musulmin da zai sassauta a kansa. Amma ya kamata mai nazari ya sani cewa babu ɗaya daga cikinsu da ke cewa alloli uku ne. Sukan ce Allah ɗaya ne, mu kuma mu ce bayaninsu ya rushe kaɗaitakar da suke da'awa. Wannan hujja ce da za a tsaya a kanta. Amma rubuta cewa suna ikirarin alloli uku, kamar yadda na gani a kundin, jingina musu abin da ba su faɗa ba ne.

Bayan wannan haɗuwa, saɓani ya fara. Bakatolike yana kiran Maryam mahaifiyar Allah, bisa hukuncin taron Afisa na 431, yana neman cetonta da na waliyyai, yana kuma cewa girmamawa ce ba bauta ba. Ɗan ECWA ko Baftis yana ganin wannan a matsayin shirka ko dab da ita, kuma yakan faɗa da zafin da zai ba ɗalibanmu mamaki. Wanda ya san takaddamar tawassuli a tsakanin Izala da 'yan ɗariƙu zai gane salon gardamar, ko da yake kamancen bai wuce salo ba. Saboda haka, wanda ya ɗauki aya ta 116 ta Suratul Ma'ida ya fuskanci ɗan ECWA da ita a kan cewa yana bauta wa Maryam, ya jefi inda babu kowa, kuma ya koya wa mai sauraronsa cewa malamin bai san abin da yake faɗa ba. Daga nan ba zai ƙara sauraron sauran hujjojin ba, ko da su ne masu ƙarfi.

Haka kuma batun ƙaddara. Magadan Kalbin, irin su cocin NKST na Tibi, sun tafi a kan cewa Allah ya zaɓi waɗanda zai tsirar tun fil'azal. Metodis da Deeper Life, wadda William Kumuyi ya faro a 1973, sun fi ba zaɓin bawa nauyi, har suna ganin mai imani zai iya fāɗuwa ya hallaka. Ɗalibin da ya karanta Jabariyya da Ƙadariyya yana da kayan aikin fahimtar wannan, in an nuna masa.

Inda littattafanmu suka fi yin shiru shi ne Fentikos da Aladura, alhali su ne suka sauya yadda Kiristan Najeriya ke kallon Allah. A wurin cocin Kerubim da Serafim, da Moses Orimolade ya kafa a 1925, da Celestial da ta taso a Porto Novo a 1947, Allah yana magana yau ta mafarki da wahayin annabawan coci, ana kusantarsa da ruwan addu'a da turare da kiran sunayen mala'iku. A wurin masu bisharar wadata, tun daga Benson Idahosa har zuwa David Oyedepo na Living Faith, Allah ya ƙulla alkawari da mai imani: wanda ya ba da zakkar kashi ɗaya cikin goma ya kuma furta imaninsa, lafiya da dukiya haƙƙinsa ne. Binciken cibiyar Pew na 2006 ya nuna fiye da tara cikin goma na 'yan Fentikos ɗin Najeriya sun yarda Allah yana ba mai cikakken imani wadatar duniya. Fada na Katolika da fasto na ECWA da yawa suna sukar wannan, suna cewa an mayar da Ubangiji abokin ciniki, an manta da gicciye da haƙuri. Tambayar ba ta ilimi kaɗai ba ce a yankin da ake sace mutane a hanyar gona. Kiristan da aka koya masa cewa musiba alamar raunin imani ce, da wanda aka koya masa cewa jarrabawa ce, ba Allah iri ɗaya suke kira ba a daren da aka ɗauke ɗansu.

A gefe guda kuma akwai Shaidun Jehobah, waɗanda ba sa cikin CAN. Sun ƙi taslisi ɗungurungum, suna cewa Yesu halitta ce ta farko, Ruhu Mai Tsarki kuma ƙarfin Allah ne ba uƙnumi ba. Wasu ɗalibanmu kan yi murna su kira su masu tauhidi. A yi hattara: suna cewa ta hannun Yesu aka halicci sauran halittu, kuma shi ne mala'ika Mika'ilu. Wannan ya fi kusa da Ariyus fiye da Suratul Ikhlas. Waɗanda suka fi kusa da mu a tarihin ƙasar Hausa su ne Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19. Daga karatun Alƙur'ani suka fifita Annabi Isa, alaihis salam, ba tare da sun kira shi ɗan Allah ba. Daga baya wasu zuriyarsu suka haɗu da Likita Walter Miller na CMS a Zariya suka zama tushen Kiristocin Wusasa.

Aƙidar coci da aƙidar mai zuwa coci

Ko da mun gyara jerin ɗariƙun, akwai sauran rina a kaba, domin abin da ke cikin littafin coci daban, abin da ke zuciyar mabiyi daban. A 2018 cibiyar Pew ta fitar da bincike a kan abin da Amurkawa ke nufi idan sun ce sun yi imani da Allah. A cikin Kiristoci, kashi 80 cikin ɗari ne suka ce Allahn da Baibul ya siffanta suke nufi. A cocin baƙaƙen fata adadin ya kai 92, a wurin masu bishara 91, amma a tsofaffin cocin Furotesta 72 ne, a Katolika 69. Mafi yawan ragowar wani ƙarfi ne na sama suke nufi. Shekaru da karatu ma sun raba mutane: a dukan al'umma, kusan biyu cikin uku na waɗanda suka kai shekara 50 sun zaɓi Allahn Baibul, amma 'yan ƙasa da 30 kashi 43 ne, masu digiri kashi 45, waɗanda ba su wuce sakandare ba kashi 66. Wani binciken na Ligonier a 2022 ya fi ban mamaki: kusan uku cikin huɗu na masu bishara sun amince da cewa Yesu shi ne farko kuma mafi girman abin da Allah ya halitta. Wannan ita ce maganar Ariyus da aka la'anta a Nikiya, tana fitowa daga bakin waɗanda ke ganin kansu masu tsaron Nikiya.

Ina jan kunnen ɗalibai kada su kwashe waɗannan alƙaluma su zuba a kan Zamfara. Na riga na fara ganin haka a wasu kundaye. Amurka ce aka auna. Ita kanta tambayar ba za ta yi aiki a nan ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa, tun bugun 1932, da kalmar Allah da Ubangiji yake amfani, kuma Bahaushe Kirista yana cewa in Allah ya yarda, yana cewa Allah ya kiyaye, kamar maƙwabcinsa. Idan aka tambaye shi ko Allah yake nufi ko wani ƙarfi na sama, dariya zai yi. Abin da za mu ɗauka daga binciken shi ne darasin hanya: a tambayi mutane, a kuma rarrabe amsoshin ta ɗariƙa da shekaru da jinsi da harshe da zurfin karatu.

Harshe musamman yana da nauyi a wurinmu. Dattijon da ya fito daga Maguzanci, inda ake ganin Allah Mahalicci ne mai nisa kuma iskoki ne ke kusa da mutane, yadda yake fahimtar Ruhu Mai Tsarki ba lallai ya zo daidai da na matashin Ibo da ya haddace katikizim da Turanci ba. Kuma Kiristan da ya tashi yana jin kiran salla sau biyar, a jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun 27 ga Oktoba 1999 a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, ya saba bayyana kalmar Ɗan Allah cikin taka-tsantsan da ɗan'uwansa na Anaca bai taɓa bukata ba. Ko wannan sauyin lafazi ne kawai, ko ya taɓa aƙidar kanta, tambaya ce da ta cancanci kundi guda, kuma a garuruwanmu ne kaɗai za a iya amsa ta.

Wani abokin aiki ya ƙalubalance ni da cewa duk wannan wahala ce, tun da kafirci addini ɗaya ne. Na ce masa wannan ƙa'ida ce ta babin gado, kuma Hanafiyya da Shafi'iyya ne suka riƙe ta. A mazhabarmu ta Malikiyya Yahudanci addini ne, Nasaranci addini ne, ba sa gadon juna. Ko da an karɓe ta, hukunci take bayarwa, ba siffa ba, kuma malaman usulu sun ce hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar surarsa. Alƙur'ani da kansa, a Ali Imrana aya ta 113, ya kore cewa Ma'abuta Littafi duk ɗaya suke, a Ankabut aya ta 46 ya shar'anta yadda za a yi jayayya da su, a Ma'ida aya ta 8 kuma ya hana ƙiyayya ta kai mu ga barin adalci. Su ma ba baki ɗaya suke kallonmu ba: taron Batikan na biyu ya rubuta a 1964 da 1965 cewa Musulmi suna bauta wa Allah ɗaya Mahalicci, alhali wasu masu wa'azin Fentikos suna musun haka a fili. Mai da'awa da bai san wanne ne a gabansa ba zai iya ɓata mai sauƙin kai, ya kuma yi sakaci da mai tsanani.

Talata Mafara ta ɗanɗana abin da magana a kan addini ke iya haifarwa. A watan Agusta na 2016, bayan zargin ɓatanci da ya taso a tsakanin ɗalibai, an ƙone wani gida, mutum takwas suka rasa rayukansu. Ba na cewa rashin sanin bambancin Katolika da Baftis ne ya jawo wannan. Ina cewa ne malaman Islamiyya da limaman da za su tsaya a gaban matasa a irin wannan rana, daga azuzuwanmu suke fitowa, da abin da muka zuba musu.

Na mayar wa ɗalibin da kundinsa. Na ce ya bar babin tarukan coci yadda yake, amma ya rage shi zuwa rabi. Sannan ya nemi izinin shugabannin coci uku masu ɗariƙa daban-daban, ya zauna da mutum goma a kowace, maza da mata, tsofaffi da matasa, da Hausa ga mai jin Hausa. Kada ya yi musu, kada ya gyara wa kowa magana; ya tambaye su wa suke kira idan suna addu'a, me suke nufi da Ɗa, me ya sa Allah ke barin a sace bayinsa, kuma ko suna ganin Allahn da ladan ke ambata shi ne nasu. Ya rubuta amsa da lafazin mai ita, raddi kuma ya zo a babi na gaba. Ya ce yana jin nauyin shiga harabar coci. Na tuna masa cewa tawagar Nasaran Najran a masallacin Madina aka karɓe ta, kuma ba dole ne ma sai a coci ba: ranar Talata duk suna kasuwa.